Wane Ne Maigida A Gidan Haya?

'Ya'yan masu bishara da yawa ba su da abin da ake kira gidan gado. Iyayensu sun yi aikin Ubangiji suna zaune a gidajen ikkilisiya, shekara uku nan, shekara biyar can, in an yi musu canji su naɗe tabarma su bar ɗakin ga mai zuwa. Mu ma haka muka tashi. Mu takwas ne wurin Baba da Inna, amma babu uku a cikinmu da aka haifa a gari ɗaya. Baba ya soma aiki tun zamanin Turawan SIM, ya ci gaba bayan da aka kafa ECWA a 1954. Sa'ad da ya huta, ya koma ƙauyenmu a ƙasar Malumfashi ya gina ɗaki uku da zaure. Wannan ya ishe shi da Inna. Amma yau in an ƙirga 'ya'ya da surukai da jikoki da tattaɓa kunne, da 'ya'yan Baffa waɗanda ba ma rabuwa da su, mun haura mutum 50.

Muddin Baba yana da rai, ba mu taɓa tambayar inda za a taru ba. Kirsimeti ya yi, kowa ya nufi gida, maza su kwana a zaure da ajin firamare, mata su rarrabu a ɗakunan maƙwabta. Bayan da Ubangiji ya kira shi a 2015 muka ci gaba da haka 'yan shekaru, sai hanya ta soma ɓaci. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandare ta Ƙanƙara, wadda ba ta da nisa da mu. An sako yaran bayan 'yan kwanaki, amma daga nan babu uwar da ta yarda ta sa 'ya'yanta a mota zuwa ƙauye, a lokacin da kowa ya san 'yan birni sun zo da guzuri. Inna kanta ta koma Zariya wurin ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu mata. Sai zumunci ya soma komawa na waya, a gaisa da safe a WhatsApp, a aika hoton jariri, shi ke nan. Zumunta kuwa a ƙafa take.

Mai karatu zai ce, to, babu mai babban gida a cikinku? Akwai. Yayanmu na biyu yana da gida a Abuja mai ɗakuna da yawa, ya kuwa yi tayi da zuciya ɗaya. Amma duk wanda ya taɓa sauka gidan ɗan'uwa da iyalinsa ya san yadda abin yake. Kicin na matar gida ne, ba a buɗe tukunya sai da izninta. Yaro ya fasa kofi, uwarsa ta kwana da nauyi. Kafin kwana uku matar gida ta gaji ba ta iya faɗa, baƙi sun takura su ma ba su iya faɗa. Ban da haka, akwai biyu a cikinmu da suka yi shekara shida ba su taka ƙofar juna ba saboda maganar gonar Baba, ɗayansu kuwa shi ne mai gidan Abuja. Da can aka ce a taru, da an rasa mutum ɗaya da iyalinsa duka. Saboda haka muka ce bari a nemi gidan da ba na kowa ba, tun 2021 kuwa haka muke yi.

Muka zaɓi Jos domin tana tsakiya. Na Malumfashi da Zariya su bi ta Pambeguwa da Saminaka, na Abuja da Legas su hau ta Akwanga da Hawan Kibo, na Gombe su biyo ta Bauci. Tun muna yara muke jin ana cewa Baturen mishan ya tafi hutu Miango, inda SIM take da gidan hutawa kusa da Jos, muna tsammani irin wannan hutu na Turawa ne kaɗai. Yau ga shi a Jos akwai gidajen da masu su suke ba da haya ta 'yan kwanaki, da gadaje da kujeru da kayan dafuwa a ciki, mutum ya shiga da jakarsa kawai. Mukan kama daga 27 zuwa 30 ga Disamba, gama muna da fastoci biyu a gidan, ba su iya barin garkensu ranar Kirsimeti ko daren shiga sabuwar shekara. Sai dai wanda zai je ya shirya wa sanyi. Garin yana bisa tudu kimanin mita 1,200, da asuba a watan nan ruwan famfo kamar ya yanke wa mutum hannu. Kowane gida ya zo da bargunansa, kada ya dogara ga na mai haya.

A gidan gado ba a tambayar wane ne maigida. An san wanda zai zauna a zaure ya karɓi gaisuwa, an san wadda za ta raba tuwo, baƙo ya san shi baƙo ne, ɗan gida ya san aikinsa. Gidan haya ba ya zuwa da wannan tsari. Abin da yake zuwa da shi rasit ne da mabuɗi, in kuwa ba a yi hankali ba, wanda sunansa yake kan rasit shi zai zama maigida ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Shi zai ce a kashe janareta, matarsa ta riƙe mabuɗin sito, 'ya'yansa su zaɓi abin da za a kalla a talabijin, saura su zama masu cin arziki. Mun ga haka a wasu gidaje da muka sani, inda taron zumunci ya zama ranar da mai kuɗi yake nuna wa 'yan'uwansa tazarar da take tsakaninsu, har talakawan gidan suka riƙa neman dalilin rashin zuwa.

Maganar nan ta taso mana tun kafin a kama gida na fari. Yayanmu na Abuja ya ce kada kowa ya damu, shi zai biya haya da abinci duka. Da yawa suka yi murna. Amma ƙanenmu da yake zaune a ƙauye yana noma, yana kuma koyar da 'yan firamare, wanda shi ne ɗaya mutumin a rigimar gona, ya kira babbar yayarmu ya ce, "Yaya, ki gaya masa Allah ya ƙara buɗi. Amma in shi ya biya duka, ai gidansa ne, an dai ɗauko shi daga Abuja an kawo Jos. Ni ba zan kawo 'ya'yana su ci sadaka a gaban 'ya'yansa ba." Wasu suka ce wannan girman kai ne. Mai yiwuwa da ɗan girman kai a ciki, amma da gaskiya ma a ciki, kuma mutum nawa ne a gidan suke jin haka a ransu ba su da ƙarfin halin faɗa?

Wani ya kawo shawara a raba daidai wa daida, kowane gida kashi ɗaya cikin takwas. Wannan kuwa ya fi na farko muni, gama abin da wani yake zuba wa motarsa a mako guda shi ne albashin wani na wata. Daga ƙarshe muka koma ga abin da muka sani tun muna yara, wato irin tsarin baiko na ikkilisiya. Aka zaɓi ma'aji ɗaya, 'yar'uwarmu gwauruwa wadda ta daɗe tana riƙe kuɗin Zumuntar Mata a ikkilisiyarsu, ba ta kuma da sakin baki. Aka faɗi jimlar abin da ake bukata, kowa ya kai nasa a ɓoye gwargwadon ƙarfinsa, ita kaɗai ta san abin da kowa ya bayar. Doka ɗaya ce, babu gidan da zai zo hannu wofi. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo abin da yake da shi, a yi masa kima a rubuta. Ƙanenmu na ƙauye ya kawo buhun garin masara, da wake, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa. 'Ya'yan Baffa suka kawo rago. Wanda ya karanta wasiƙar Bulus ta biyu ga Korantiyawa, sura 8, zai ga manzon ma da ƙarfin mai bayarwa ya auna bayarwa.

Ba mu ce ba a gane wanda ya ba da kashi mafi tsoka ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai abin da ake zato dabam yake da abin da aka yi shelarsa. Tun da ba a karanta sunaye ba, babu wanda ya sami abin tsayawa a kai ya ce "kuɗina". Sa'an nan ranar isowa ma'aji takan karɓi mabuɗai daga hannun mai kula da gidan, ta durƙusa ta miƙa wa Inna, Inna ta ƙulle su a gefen zanenta. Daga nan har ranar tashi, gidan Inna ne. Mai son fita bayan faɗuwar rana ya je ya tambaye ta, ko da darakta ne a ofishinsa.

Tsarin ya sha gwaji a 2023. A watan Mayu na shekarar gwamnati ta janye tallafin mai, kuɗin fetur ya kusan ninka uku, kuɗin mota ya bi shi. Mai iyali bakwai da zai taso daga Malumfashi ya koma, kuɗin hanyarsa kaɗai ya fi abin da zai iya. Sai aka ƙara kuɗin mota cikin jimla, ma'aji ta aika wa masu bukata a asirce. Da ba a yi haka ba, da taron ya zama na masu motocin kansu.

Rabon ɗakuna ma wurin tuntuɓe ne. Irin gidajen nan kowanne yana da babban ɗaki ɗaya mai banɗaki a ciki da ruwan zafi, ido kuwa a kansa yake fara sauka. A wurinmu wannan na Inna ne da Gwaggo, da duk wadda take jego. Sauran ba a raba su miji da mata, maza gefe ne mata gefe, samari a falo a kan katifun da muke arowa, kwana uku ba ya kashe aure. Wani surukinmu na Legas ya ce bayansa ba ya son katifar ƙasa, ya kama otal kusa. Ba a hana shi ba. Amma hirar da ake yi bayan an kashe janareta, maza goma sha suna kwance cikin duhu ana tuna yadda Baba yake ɗaura yara uku a keke zuwa wa'azi, wannan ba ta kai otal. Shekara ta biyu da matashinsa ya zo.

Akwai kuma wani abu da 'yan birni sukan manta, wato kunya. An gina gidajen zamani domin miji da mata da 'ya'ya uku. Falo ɗaya ne, teburin cin abinci ɗaya, ƙofar wanka tana duban ƙofar ɗakin wani. A gidan gargajiya kowane sashe da dangarsa, mace takan yi wata ba ta haɗa ido da yayan mijinta ba. Inna har yau ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma cin abinci a gaban mazan 'ya'yanta. Matan 'yan'uwanmu na ƙauye su ma haka. Wannan ba dokar Littafi ba ce, ladabi ne na mutanenmu, amma ba mu ga dalilin da tsohuwa za ta kwana da yunwa domin teburi ɗaya ne a gidan ba. Saboda haka sa'ad da muke neman gida ba yawan ɗakuna kaɗai muke dubawa ba. Mukan nemi mai ɗakunan baya da fili a bayan gida, inda mata za su shimfiɗa tabarma su sake.

Gunaguni na fari da aka rubuta ya taso a ikkilisiyar Urushalima, a Ayyukan Manzanni sura 6, a kan rabon abinci ne, wasu gwauraye ana tsallake su. Har yau a bakin murhu ake sanin gaskiyar zumunci. Risho mai kai huɗu da yake cikin kicin na haya ba ya dafa tuwon mutum 50, dole a kafa duwatsu a waje a hura itace. To, wa ya iya tuƙa tuwo a babbar tukunya cikin hayaƙi? Matan ƙauye. In aka bar abin ya bi hanyarsa, za a wayi gari su suna bakin wuta tun asuba, matan birni suna falo da waya a hannu, wai ba su saba da hayaƙi ba. Babbar yayarmu ta toshe wannan ƙofa tun farko. Ta rubuta girki biyu-biyu, ta birni da ta ƙauye, ta manna a bango. Maza aka ba su cefane a kasuwar Farin Gada, inda ake samun kabeji da karas da dankalin Turawa na ƙasar Filato, aka ba su kuma faskare da wankin manyan tukwane. Fasto ma ya naɗe hannun riga.

Ta kuma ce 'yan aikin gida da wasunmu suke zuwa da su ba za su yi wa kowa aiki ba a kwanakin nan, sai dai aikin da sauran yara suke yi. Maganar nan tana da nauyi fiye da yadda ake gani, domin a gidaje irin namu yarinyar da take wanke-wanke a Abuja ko Kaduna sau da yawa 'yar ɗan'uwa ce da aka ɗauko daga ƙauye za a sa ta makaranta. Uwarta tana wurin taron. Ba daidai ba ne ta zauna tana kallon 'yarta tana bin sa'o'inta da kwano da ruwan wanke hannu. Ranar da yarinyar ta shigo gidan Inna, jika ce.

Kakanninmu Maguzawa ne. Baba ya bi Almasihu, Baffa da Gwaggo suka musulunta, ba su kuwa taɓa yanke zumunci ba, mu ma ba mu da niyyar yankewa. Zuwan 'ya'yan Baffa Jos ba ƙaramin abu ba ne. Tun rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 unguwanni da yawa a garin sun rabu bisa ga addini, akwai inda mai hijabi ba ta sakewa, akwai inda fasto ba ya sakewa. Dole a nemi unguwar da Gwaggo za ta iya fita ƙofar gida ta sha hantsi ba wanda ya dube ta sau biyu. A cikin gida kuma, ɗan Baffa ne yake yanka rago da kaji domin kowa ya ci da kwanciyar rai, akan keɓe musu wuri mai tsabta na salla da butoci, abin da ba sa ci kuma ba ya shiga tukunyarmu. Sujadarmu ba ma ɓoye ta, ba ma kuma mai da ita tarko. Mai so ya zauna, mai so ya tashi. Gwaggo takan zauna a bakin ƙofa da carbinta, ta san muryoyin waƙoƙin tun tana yarinya a ɗakin wanta. A jajibirin Kirsimeti na 2023 aka kai hari ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, aka kashe mutane fiye da 100, saura kwana uku mu taru. Muka ce wa 'ya'yan Baffa in sun ga ba za su zo ba, babu wanda zai ga laifinsu. Suka ce in Inna za ta je, su ma za su je. Shekarar ba a fita yawo ko'ina ba, kuɗin yawon aka kai wa wata ikkilisiya da take tara wa waɗanda suka gudu daga gidajensu.

Game da mai gidan, shawararmu ita ce a faɗa masa gaskiyar yawan mutane. Jarabar tana da ƙarfi, ka ce ku 15 ne, sa'an nan ka shigo da saura da dare. Ban da cewa ƙarya ce, mai gadi kuma yana jin ku kuna raira waƙoƙin sujada da safe, gidan kansa zai tona asiri. Tankin da aka kafa domin mutum shida ba ya kai tsakar rana in mutum 50 suka yi wanka, injin jawo ruwa daga rijiyar burtsatse kuwa sai da wuta, ramin bayan gida ma yana da iyakar abin da yake ɗauka. Masu gida uku suka ƙi mu da suka ji yawanmu. Na huɗu ya yarda da ƙarin kuɗi da sharuɗɗa, cewa a hura itace a baya kaɗai, kada a yi daka a kan tayil, kada a yi kiɗa bayan ƙarfe tara. Muka ƙara da sayen ruwan tanka sau ɗaya da man janareta daga aljihunmu. A kuma aiki mutum ya je ya ga gidan da idonsa kafin a ba da ko kwabo, gama hoton waya ba ya nuna ko famfo yana zuba, akwai kuma masu karɓar kuɗin kafin alƙalami a kan gidan da ba nasu ba. Ranar shiga a ƙirga kofuna da cokula da zannuwan gado tare da mai kula da gidan, a rubuta, domin da wannan takarda za a karɓi kuɗin ajiya ranar fita.

Safe da yamma akan yi sujada, ba fastocin ne suke bi da mu ba, su ma hutu suka zo. Inna tana riƙe da tsohuwar fassara ta 1932, wadda Likita Miller na Wusasa yana cikin waɗanda suka yi aikinta, mu kuwa mun fi sabawa da ta 1979. Jikokin Legas ba su iya ko ɗaya ba. Inna ta kafa doka kowane jika ya karanta aya ɗaya da Hausa, ko yaya ta fito. Wani ya zo kan baƙi ya ce baki, taubasansa suka yi ta dariya har da faɗuwa, Inna ta ce mijin nan nata ba ta son sa, bakinsa bai nuna ba. Kafin shekara ta zagayo ya sa uwarsa ta koya masa, don kada a sāke yi masa.

Daren ƙarshe manya kaɗai suke zama, a yi maganar kuɗin makarantar marayun gidan, da maganin Inna, da duk abin da yake damun wani. Nan maganar gona ta taso. Asalinta, yayanmu na Abuja shi ya ɗauki nauyin jinyar Baba ta ƙarshe, har ya ci bashi, yana ganin a sayar da gonar a biya. Ƙanenmu kuwa ya yi shekara ashirin yana nomanta, shi ya zauna da tsofaffin sa'ad da duk muka watse, da ita yake ciyar da 'ya'yansa. Kowannensu yana da gaskiya, abin da ya sa rigimar ta daɗe ke nan. A shekara ta fari ba su wuce gaisuwa ba, ita ma daga nesa. Rana ta biyu Inna ta ce itace ya ƙare, ta aiki su biyun su sayo, ɗaya yana da mota ɗaya ya san itace mai kyau. Suka daɗe ba su komo ba. Babu wanda ya tambaye su abin da suka faɗa a hanya. Sai a 2022 aka yanke magana, cewa ba za a sayar da gonar ba, ƙanenmu zai ci gaba da nomanta yana fitar wa Inna rabonta kowace kaka, bashin jinya kuma aka rubuta shi aka raba mana mu takwas, gwargwadon ƙarfi, ta hannun ma'aji.

Mun yi ta tunanin abin da ya sa maganar da ta gagara shekara shida ta yiwu a nan. A ganinmu, domin babu wanda ya je wurin wani. Da a Abuja ne, da ƙaramin ya ji kamar ya zo roƙo. Da a ƙauye ne, da babban ya ji kamar ya zo ba da haƙuri a kan gonar da ake rigima a kanta. A gidan haya babu mai iya cewa fita mini daga gida, babu kuma wanda ya sauke kansa ya taka ƙofar wani. Yakubu da Isuwa ma, a Farawa sura 33, a hanya suka sadu, ba a alfarwar ɗayansu ba.

Inna dai ba ta taɓa cewa ta gamsu ba. Takan ce zanen aro ba ya rufe katara. Jikokinta sun san gidan namun daji na Jos da duwatsun Shere, amma ba su san tsamiyar da Baba yake zama a gindinta ba, ba su san ɗakin sujada na ƙasa da ya gina da hannunsa ba, da yawansu ba su taɓa ganin kabarinsa ba. Gidan da aka share bayanku, wasu baƙi suka shiga kashegari, ba ya riƙe sawun kowa. Kowace shekara takan sa a ɗora kujerar Baba ta katako mai naɗewa a bayan mota daga Zariya, a kafa ta a falo, babu mai zama a kanta sai ƙananan jikoki. Ba mu da amsar da za mu ba ta, gama hanyar ƙauye ba ta gyaru yadda za mu kwashi yara mota-mota mu tafi ba.

A taronmu na baya, da safiyar tashi, bayan an ƙirga cokula an share tsakar gida, an ba mai gadi sauran gari da wake, Inna ta kwance mabuɗai daga zanenta amma ba ta miƙa ba. Ta sa aka kira jikoki duka. Ta ce ita kusa da Baba take so a sa ta in lokacinta ya yi, ta kuma tambaya wane ne a cikinsu zai iya kai kansa ƙauyen daga tashar Malumfashi ba tare da ya tambayi kowa ba. Jikoki 26 ne a tsaye, huɗu suka ɗaga hannu, dukansu 'ya'yan ƙanenmu. Ta ce ba za ta ba da mabuɗi ba sai an rubuta sunaye. Aka rubuta manyan jikoki uku da za su bi baffansu zuwa gida bayan girbi, a motar haya, ba shela, su kwana biyu su gaida dangi su share kabari, shekara mai bi kuma wasu uku. Ma'aji ta ƙara kuɗin motarsu cikin jimlar baɗi, sa'an nan ta karɓi mabuɗan ta kai wa mai kula da gidan.